Nono da haihuwa: yadda za ka zaɓi saniya da bijimi a ƙasar Tahoua

A kasuwar Badagishiri ko ta Abalak, tambayar farko da mai sayen saniyar tatsa yake yi ita ce, "Lita nawa take bayarwa?" Dillali ya ce, "Alhaji, shida, da idona na gani," sai a shiga ciniki. Da wuya ka ji an tambayi yaushe ta haihu, kuma wata nawa ne tsakanin wannan maraƙin da yayansa. Alhali kuwa kuɗin yana cikin tambaya ta biyun.

Mu yi lissafi da misali. Saniya ta farko tana ba da lita 6 a rana har kwana 240, wato lita 1,440, amma sai bayan shekara biyu take sake haihuwa. Idan ka raba, lita 720 ke nan a shekara. Ta biyu lita 4 kawai take bayarwa a kwanakin nan 240, wato lita 960, amma duk wata 14 sai ta haihu. Nata ya kama lita 820 da ɗoriya a shekara. Cikin shekara bakwai ta farkon ba za ta wuce maraƙa uku ko huɗu ba, ta biyun kuwa shida. Ga shi dusa da harawa duka biyun suke ci, ko ana tatsa ko ba a yi. Don haka duk abin da ke tafe a kan ma'auni ɗaya aka gina shi: nonon da saniya ke bayarwa a shekarar kalanda, ba wanda ya cika ƙwarya ranar kasuwa ba.

Mataki na 1: San abin da ake gada da wanda ba a gada sosai

Saniya tana da kuromozom 60, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki, rabi daga uwa, rabi daga uba. Yawan nono ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, ɗaruruwa ne, kowace da ɗan abin da take ƙarawa ko ragewa. Shi ya sa ƴaƴan uwa ɗaya uba ɗaya ke fitowa daban.

Masana sun auna yawan bambancin da ke tsakanin shanun garke ɗaya wanda gado ne ya kawo shi. A yawan nono, kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ne. A maiƙon nono, wanda mai yin cuku da man shanu ta fi damuwa da shi, ya kai kashi 40 zuwa 50. A haihuwa kuwa, wato saurin ɗaukar ciki da tazarar haihuwa, yawanci bai wuce kashi 5 ba, da ƙyar yake kai 10. Sauran duk abinci ne, da ruwa, da zafi, da cuta, da hannun mai kiwo.

Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A sha'anin nono, maganar gaskiya ce amma da kwata. A ce shanunka lita 3 suke bayarwa a tsakaice, ɗaya kuma tana ba da 5. Fifikonta lita 2 ne. Abin da yake na jini a ciki kamar rabin lita ne, kuma rabin wannan ne za ta miƙa wa ƴarta. Ke nan idan uban na tsaka-tsaki ne, abin da za ka sa rai daga ƴar shi ne lita 3 da kwata, ba 5 ba. Mutane da yawa a nan suke karaya su ce zaɓe ba ya aiki. Yana aiki, sai dai a hankali, kuma abin da ya shiga jini ya shiga ke nan, ƙarin wannan zuriya a kan na waccan yake hawa.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe: nono da haihuwa suna ja-in-ja a jini. Saniyar da jininta ke tura abinci zuwa hantsa takan narkar da kitsen jikinta bayan haihuwa, ta rame, jikin kuma ya jinkirta neman barbara har sai ta farfaɗo. Idan nono kaɗai kake bi kana zaɓe, zuriya bayan zuriya, haihuwa za ta riƙa zamewa ba ka sani ba.

Mataki na 2: Littafi, biro da ma'auni

Ba a zaɓe da ƙwaƙwalwa. Sayi littafin ƴan makaranta, ka ba kowace saniya shafi biyu. A sama ka rubuta sunanta, da uwarta, da ubanta in an sani, da shekarar haihuwarta. Ƙasa kuma ranar kowace haihuwa, ranar da aka ga sa ya hau ta da wane sa ne, ɓari idan ya faru, ciwon hantsa, da ranar da ta ƙafe.

Awon nono ba sai kullum ba. Sau biyu a wata ya isa, a ce ranar 1 da ranar 15, safe da yamma. A sami mazubi ɗaya da aka san ya ci lita guda, shi za a riƙa amfani da shi har abada. Ƙwarya ba ma'auni ba ce, kumfa ma ba nono ba ne, a bari ta kwanta. Shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai maraƙi ya fara tsotsa, saboda haka a daidaita abin da ake bar masa. Idan wannan saniya ana bar wa ɗanta kan nono biyu, waccan kuma ɗaya, lissafin ya karkace tun daga tushe.

Littafin nan a hannun mai tatsa ya kamata ya zauna, kuma a yawancin gidajenmu mace ce. Ita ta san wadda ke harbi, da wadda ke ɓoye nono, da wadda kindirmonta ya fi kauri. Mai gida da ya zaɓi bijimi bai tambayi uwargida ba ya bar rabin bayanin a tsakar gida.

Wajen kwatantawa, a haɗa daidai da daidai. Wadda ta haihu a watan Yuli ta tarar da ɗanyar ciyawa, wadda ta haihu a Maris ta faɗa bakin bazara, ba za a ɗora su a sikeli ɗaya ba. Haka mai haihuwar fari ba ta kai ƙarfinta ba tukuna, nono yakan ci gaba da ƙaruwa har haihuwa ta uku ko ta huɗu. Kuma awon haihuwa ɗaya ba ya yanke hukunci. Saniyar da ta yi fice sau uku a jere, a shekarar daɗi da ta wuya, ita ce jininta ya yi magana.

Mataki na 3: Tace matan

Bayan shekara ɗaya ko biyu da littafi, ɗauki kowace saniya ka raba nonon da ta bayar da watannin da ke tsakanin haihuwarta biyu, ka ninka da 12. Jera su daga sama zuwa ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku na sama su ne iyayen garkenka na gobe, ƴaƴansu mata ba na sayarwa ba ne ko Sallah ta matso.

Na ƙasan kuma, kafin ka ɗora wa jini laifi, ka binciki turke. Tun da haihuwa kaɗan ce take bin gado, saniyar da ta yi shekara ba ciki yawanci yunwa ce ko cuta. Dubi haƙarƙarinta da ƙashin ƙugu. Idan ana ƙirga su daga nesa, dusa take so, da harawa, da angurya ko ƴaƴan gawo, da gishiri da kanwa. Idan ta yi ɓari a watannin ƙarshe ko mahaifa ta maƙale, kira likitan dabbobi ya gwada ta, don ciwon nan da Fulani ke kira bakkale yana bazuwa cikin garke, yana kuma kama mutum ta ɗanyen nono. Amma wadda ta ci ta ƙoshi, lafiyarta lau, sa mai lafiya ya hau ta sau uku ko huɗu ba ta riƙe ba, alhali ƴan uwanta da ke turke ɗaya sun ɗauka, wannan ka sa ta a kiwon ƙiba ka kai kasuwa. Kada ka riƙe ɗanta a matsayin bijimi komai nonon da take da shi.

Wani abu da ke cin kuɗin mutane a banza: idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, macen kusan tara cikin goma juya ce, saboda jininsu ya gauraya tun suna ciki. Kada a yi shekara uku ana ciyar da ita ana jira.

Mataki na 4: Bijimi

Nan ne ya kamata mutum ya daɗe. Saniya ɗa ɗaya take bayarwa a shekara in an yi sa'a, bijimi kuwa baligi yana iya hawan shanu 25 zuwa 30. Rabin jinin duk maraƙan da za a haifa nasa ne. Amma shi ba a tatsarsa, don haka tozo da ƙahoni da tafiyar ƙasaita ba za su gaya maka komai game da nonon ƴaƴansa ba. Uwarsa za ka tambaya, da ƴan uwansa mata, da uwar ubansa. In da hali ka je rugar da aka haife shi, ka kwana, ka tsaya a kan tatsar asuba. Ka ce, "Baba, wannan haihuwarta ta nawa ce? Shekararta nawa?" Saniya mai shekara goma da ta haihu shida, hantsarta ba ta zube ba, tana kuma cikin na gaba-gaba a nono, ɗanta ya fi ɗan wadda ta yi abin mamaki sau ɗaya tak.

Sannan ka duba shi kansa. Ƴaƴan marainansa su zama biyu, daidai da juna, manya gwargwadon shekarunsa, ba kumburi ba tauri. Wannan ba don maniyyi kaɗai ba ne: girman maraina yana bin gado sosai, kuma an tabbatar ƴaƴa matan irin wannan sa sukan balaga da wuri. Ta wannan ƙofar ce ake iya gyara haihuwa ta jini ba tare da jiran shekaru ba. Ƙafafun baya su zama lafiyayyu, don da su yake tsayawa idan ya hau.

A ina za a samu? Mu a nan muna zaune a kan dukiyar da wasu ke ƙetare iyaka su nema. Shanun Azawak, waɗanda Abzinawa da Larabawan Cintabaradan, Tasara da Tiliya suka raina a kwarin Azawak, suna cikin masu tozo mafi nono a Afirka ta Yamma, har Burkina Faso da Mali ana kai su don gyaran iri. A tashar Tukunus, kusa da Filinge, tun shekarar 1954 ake zaɓensu da littafi, kuma a can saniya kan ba da wajen lita 800 zuwa 1,200 a tatsar wata tara zuwa goma. A cikin jiharmu ma akwai cibiyar yaɗa irin dabbobi ta Ibesetan. Irin waɗannan wurare sun cancanci a je a tambaya, don in ka sami ɗan sa a can, da tarihin uwarsa yake zuwa. Sai dai a kula: launin ja-ja da baƙin baki da ƙafafu da aka san shanun Tukunus da shi alama ce ta iri, ba shaidar nono ba. Dillalai sun san mutane na biyan kuɗin launi.

Bijimi kada ya wuce shekara uku a garke ɗaya, domin a lokacin ne ƴaƴansa mata ke isa barbara. Uba ya hau ƴarsa, maraƙin ya fito da kashi 25 cikin ɗari na maimaicin jini, wato jini ɗaya ya zo masa ta uwa da ta uba. Ƴan uba ko ƴan uwa ɗaya su haɗu, kashi 12.5. Abin da maimaicin jini ke fara ci kuwa shi ne haihuwa da rayuwar maraƙa, sannan nono. Ku yi musaya da wani mai kiwo na nesa wanda ka yarda da littafinsa. Sauran maza da ba a zaɓa ba a fiɗiye su kafin su cika shekara.

Matsalar cikin gari ita ce garken unguwa. Da safe makiyayi ya kora shanun kowa tare, ciki har da ɗan san da wani ke kiwo don layya, shi ne kuma zai riga naka zaɓaɓɓen. Mafita biyu ce: ko masu shanun unguwa su zauna su amince da sa ɗaya ko biyu a fiɗiye sauran, ko ka riƙe saniyarka a gida ranar da ta fara nema, ka kawo mata wanda kake so. Ta farkon ta fi amfani, ta biyun ta fi sauƙin yiwuwa.

Mataki na 5: Jinin waje, da iyakarsa

Kowa ya ga bidiyon Holstein mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, wadda a Amurka ke ba da fiye da lita 10,000 a shekara. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da aka biya. Daga shekarun 1960 zuwa wajen 2000, nonon Holstein a can ya ninka, ɗaukar cikinta kuma yana ta raguwa, saboda nono aka fi bi wajen zaɓe. Sai a 2003 suka fara auna bijimai da saurin ɗaukar cikin ƴaƴansu mata, a 2009 kuma suka shigo da gwajin ƙwayoyin gado (DNA), sannan lamarin ya fara juyowa. Akwai wani bijimi mai suna Pawnee Farm Arlinda Chief da aka haifa a 1962, wanda ya bar ƴaƴa mata kimanin 16,000. Bayan shekaru aka gano yana ɗauke da wata ɓoyayyar ƙwayar gado da ke kashe ɗan tayi idan ta zo daga uwa da uba duka, an kuma ƙiyasta ta jawo ɓari wajen rabin miliyan. Masu kwamfuta da ɗakunan gwaji ke nan. Mai shanu goma da sa ɗaya tilo sai ya fi su taka-tsantsan.

Ga kuma zafi. Holstein tana fara haki da rage ci tun ma'auni bai kai digiri 30 ba, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke yini. A irin wannan zafi neman barbararta kan dushe, ɗan tayi kuma yakan mutu tun yana ƴan kwanaki. Ra'ayina, tsantsar Holstein a Tahoua asarar kuɗi ce.

Ruwa-biyu kuwa wata magana ce. Idan aka haɗa uwa Azawak da maniyyin Holstein ko na Brune des Alpes, wani irin shanun nono na Turai, kamar yadda aka gwada a Tukunus da gonakin kewayen Yamai, ƴar farko rabi da rabi take, kuma tana samun wani ƙarfi na musamman da ke zuwa idan jini biyu masu nisa suka haɗu. Wannan ƙarfi ya fi bayyana a haihuwa da juriya. In ana ciyar da ita, tana iya ninka nonon uwarta. Tarkon yana zuriya ta biyu. Ka sake sa mata Holstein, jikar ta zama kashi 75 jinin waje, kaska da zafi su fara cin ta. Ka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, rabin ƙarfin nan ya tafi, ƴaƴan kuma su fito barkatai, wata kamar uwar, wata ba nono ba juriya. Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin mai kiwo ita ce karɓa-karɓa: ruwa-biyu a sa mata zaɓaɓɓen Azawak, ƴarta a koma wa na waje, haka dai. Brazil, da ke da zafi ita ma, ta gina irinta na Girolando a kan kashi biyar cikin takwas Holstein, uku cikin takwas Gir mai tozo, ba ta yar da tozon ba.

Kafin ka shiga wannan, amsa wa kanka tambaya huɗu. Akwai rumfa mai inuwa da iska? Akwai ruwa mai yawa yini da kwana, ba sau ɗaya a rijiya ba? Ka tara harawa da dusa da za su kai ka Yuni? Akwai mai sayen nonon kullum? In ɗaya ta zama a'a, ko kuma shanunka na tafiya arewa da damina, to tsaya a kan Azawak ka zaɓe su da kyau. Ko mai ruwa-biyu ma yana bukatar wani ya ci gaba da riƙe tsantsar Azawak, don daga nan iyayen ke fitowa.

Mataki na 6: Ranar barbara

Saniya kan nemi sa duk kwana 21, da ɗan gaba ko baya tsakanin 18 da 24. A masu tozo abin gajere ne, sau da yawa bai wuce rabin yini ba, kuma yakan faɗo cikin dare. Saboda haka a duba su da asuba kafin a sake su, da kuma bayan magariba. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cik wata ta hau ta. Kuka, rage nono, da farin majina mai yauƙi da ke maƙale a wutsiya duk masu rakiya ne.

Idan barbarar allura za a yi, wato ma'aikacin dabbobi ya sa wa saniya maniyyin bijimi ba tare da sa ya hau ta ba, ƙa'idar ita ce: an gani da safe, a yi da yamma, an gani da yamma, a yi washegari da sassafe. Ka kira ma'aikacin tun da ka gani. Maniyyin yana cikin tulun sinadarin naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma da zarar an narkar da ɗan tsinken robar da ke ɗauke da shi, cikin mintoci kaɗan ya kamata a yi amfani da shi. Ka nemi a ba ka tsinken da aka yi aiki da shi, sunan bijimin da lambarsa suna jiki, ka kwafe a littafi don kada bayan shekara uku a sa wa ƴarsa shi. Ka kuma tambaya ko a takardar bijimin akwai makin haihuwar ƴaƴansa da na sauƙin naƙuda, ba na nono kaɗai ba. Kada ka zata allura ɗaya dole ta kama, rabi ma in an samu a tashin farko an gode Allah.

Bayan haihuwa a bar ta ta huta kwana 45 zuwa 60. Ciki wata tara da ƴan kwanaki ne, don haka in kana son tazarar wata 14, sai ta ɗauka kafin wata na biyar ya cika. Maraƙin da ke manne da uwa yini da kwana yana jinkirta dawowar nemanta. A raba su, ya sha safe da yamma lokacin tatsa. Idan kwana 24 ya wuce ba ta sake nema ba, alama ce mai kyau, likita ya tabbatar bayan wata biyu. Wata biyu kafin haihuwa a daina tatsa.

Mataki na 7: Karsana

Duk wahalar da aka sha a sama, a jikin ƴar maraƙa take taruwa, kuma a nan aka fi yin sakaci. Dakashi ta sha shi ta ƙoshi cikin sa'o'in farko. Kada a tatse uwar ƙaf a bar ta da hantsa wayam, lita ɗayan da aka ƙwace mata yau ita ce ke mayar da haihuwar fari daga shekara uku zuwa biyar. Nauyi ake dubawa kafin a kai ta ga sa, ba shekaru ba: sai ta kai kusan kashi biyu cikin uku na girman uwarta. A haihuwar fari a sa mata Azawak, ba babban sa na waje ba, don gudun naƙuda mai wuya. Ranar da ta haihu a buɗe mata shafinta, a rubuta sunan uwa da na uba a sama, awon farko kuma ya zo bayan sati biyu, lokacin da dakashi ya wuce.